Killace bakin teku zai sa kifi ya yi tsada a Kano? Amsa ga wani ɗan kasuwar Galadima

Wani Alhaji mai sayar da busasshen kifi da kirefish a Kasuwar Galadima da ke Sabon Gari ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji a rediyo cewa ƙasashen duniya sun yi alkawarin killace kashi 30 cikin 100 na teku kafin 2030, kuma an ambaci bakin koguna da wata "ciyawar teku" cikin wuraren da za a fi tsarewa. Shi ne yake tambaya: wace ciyawa ce wannan da har za a hana mutane neman abincinsu saboda ita? Kuma idan aka hana su, ba kayan da ke zuwa mana daga Kudu ne za su ƙara tsada ba?

Alhaji, labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Disamba na 2022 aka ƙulla wannan alkawari a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, kuma Najeriya na ciki. Amma ba shi ne zai tsadar da kayanka ba. Dizal, da canjin dala, da kuɗin mota daga Oron da ke Akwa Ibom zuwa Kano, da abin da direba ke saukewa a kowane shinge, su ne ke ɗaga farashin buhu, kuma ka fi ni sanin wannan. Duk da haka ba zan ce fargabarka ta banza ce ba, domin akwai irin killacewar da ke gasa wa talaka aya a hannu ba tare da ta amfani ko kifi ɗaya ba.

Ka fara da kayan da ke gabanka. Buɗe sabon buhun kirefish kafin yara su tsince shi, ka ɗebi cikin tafin hannu ka baza a faranti. Ba jatan lande kaɗai za ka gani ba. Akwai 'yan kifaye sirara da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, akwai ƙananan ƙaguwa, wani lokacin har da ɗan kifi mai faɗi da idanunsa biyu a gefe ɗaya. Waɗannan da ake tsincewa a zubar, ko a tara wa masu haɗa abincin kaji, da yawansu ba ƙananan kifaye ba ne a halittarsu. Jarirai ne. Da an bar su shekara biyu ko uku, wasunsu su ne manyan kifin da ake aunawa a kilo a Legas da Fatakwal. Raga ta haɗa su da jatan landen ne saboda gidansu ɗaya: bakin kogi, inda ruwan daɗi ke gauraya da ruwan gishiri.

Dalilin da ya sa kifi ke kai 'ya'yansa can shi ne abinci da mafaka. Kogi yana sauko da laka da ruɓaɓɓen ganye daga tudu. Teku kuma kullum sau biyu take cikowa ta janye, tana motsa wannan abinci tana rarraba shi lungu-lungu. Ruwan ba shi da zurfi, yana da ɗumi, ga shi a gurɓace da taɓo, don haka babban kifi mai farauta da ido ba ya jin daɗin shiga. Gishirin ruwan ma ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya, da damina ya ragu, da rani ya ƙaru, kuma ba kowane kifin tsakiyar teku ne ke jure wannan ba. Manyan jatan landen da jiragenmu ke kamawa ana kai wa Turai, a teku suke zuba ƙwai, amma 'ya'yan na bin cikowar ruwa su shige rafukan gaɓa, su yi watanni a can suna girma kafin su koma. Bonga, wadda ake yi wa banda a garuruwan gaɓar Akwa Ibom da Kuros Riba, ita kam kusan duk rayuwarta a bakin kogi da ruwan gaɓa take yi.

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, kuma yawancinta irin wannan wuri ne: tafkin Legas, da rassan Neja Delta, da bakin Kogin Kuros a Kalaba. Abin da ya fi yawa a wajenmu shi ne dajin mangurof, itatuwan nan masu tsayawa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Namu ne mafi girma a duk Afirka.

Ita kuwa ciyawar teku, ba gansakuka ba ce, ko da yake mutane da yawa na haɗa su. Tsiro ce cikakkiya, mai saiwa da ganye da fure da iri, sai dai duk rayuwarta a ƙarƙashin ruwan gishiri take yi, har barbararta ma ruwa ne ke ɗaukar garin furen ya kai wa wata. Nau'inta ya kai kusan 72 a duniya. Tana yaɗuwa ta ƙarƙashin yashi, jijiya na miƙewa tana fitar da sabbin tsiro, har ta shimfiɗe fili. A Shak Be da ke yammacin Ostareliya, binciken da aka fitar a 2022 ya gano cewa wani fili mai tsawon kusan kilomita 180 tsiro ɗaya ne tak da ya yi ta miƙewa tun kimanin shekaru 4,500 da suka wuce.

Aikinta na farko shi ne wanda ya shafi sana'arka. Ɗan kifi a fili tsirara abincin kowa ne, amma a cikin ganye yana da wurin ɓuya, ga kuma ƙananan ƙwari da ke manne da ganyen yana ci. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa cikin manyan kamun kifi 25 na duniya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na da alaƙa da waɗannan filaye a matsayin wurin renon 'ya'ya. Ciki har da kifin kod, irin wanda ake busarwa a ƙasar Norwe a kawo mana. Bayan wannan, ganyen na rage ƙarfin igiyar ruwa, laka ta kwanta, saiwa ta riƙe ta, ruwa ya washe, gaɓa ta daina zaizayewa. Ita ce kuma abincin koren kunkurun teku da dangin ayu. Abin da ya sa manyan ƙasashe suka farga da ita kwanan nan kuwa shi ne iskar kabon: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce filayenta ba su wuce kashi 0.1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma abin da ke binne a ƙarƙashinsu zai iya kaiwa kashi 18 cikin 100 na kabon ɗin da teku ke ajiyewa. Har rana aka ware mata, 1 ga Maris, tun daga 2022.

A Afirka ta Yamma, manyan filayenta na can arewa maso yamma da gaɓarmu: Muritaniya, Senigal, Gini Bisau. Ruwan gaɓarmu ya cika laka, kuma nan ne raunin wannan ciyawa yake. Tana da kwaɗayin haske. Gansakukar teku na iya rayuwa da kashi 1 cikin 100 na hasken da ya sauka a saman ruwa, ita kuwa sai ta samu kashi 10 zuwa 25. Akwai wani awo mai sauƙi da ko yaro zai iya. Farin faifai ne a ɗaure da igiya mai ƙulli-ƙulli, ka zura shi a ruwa daga kwale-kwale a hankali har ya ɓace wa idonka, sai ka ƙirga ƙullin da ya nutse. Inda bara ka ga faifan a zurfin gaba biyu, bana kuma ya ɓace tun a kamu uku, ba sai ka nutsa ba ka san ciyawar da ke ƙasa tana cikin wahala. Idan ka tsinko ganye ɗaya, maimakon kore shar mai santsi, sai ka ga wani ruwan-ƙasan yauƙi ya lulluɓe shi, kana murzawa yana fita a yatsa. Gansakuka ce ta hau kansa ta tare masa rana. Daga gefen da ya fi zurfi filin ke fara mutuwa, yana ja da baya zuwa gaɓa. Wani babban nazari na 2009 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 29 cikin 100 na filayen da aka sani sun ɓace tun daga 1879, kuma daga 1990 saurin ɓacewar ya kai kashi 7 cikin 100 a shekara.

To, sai maganar killacewar kanta. Kalmar ta fi abin tsoratarwa. Ba katanga ake ginawa ba, kuma ba duk wurin da aka killace ake hana kamun kifi ba. Wani wurin ana hana kowane irin kamu. Wani ana hana manyan jirage masu jan koma a ƙasan teku, a bar masu kwale-kwale. Wani ana rufewa wata biyu ko uku lokacin da kifi ke ƙwai. Wani kuwa abin da aka hana shi ne haƙar yashi, ko sare mangurof, ko jefa anga. A gaɓar Faransa da ke Bahar Rum, alal misali, an hana manyan jiragen shaƙatawa jefa anga a kan ciyawar, saboda irin ta can ba ta miƙa fiye da 'yan santimita a shekara, ramin da anga ɗaya ta yi sai ya wuce shekarun mutum bai cike ba. A 2024 abin da aka rubuta a matsayin killatacce bai wuce kimanin kashi 8 cikin 100 na tekun duniya ba, wanda kuma aka tsare da gaske bai kai kashi 3 ba. A Najeriya ko kashi 1 ba mu kai ba. Ka ga ke nan kashi 30 ɗin nan da sauran tafiya.

Shin yana aiki? Inda aka yi da gaske, yana yi, kuma ba ƙaramin aiki ba. Kabo Pulmo wani ƙauyen masunta ne a Meziko. Kifi ya ƙare musu, mutanen garin da kansu suka nemi a rufe, aka rufe a 1995. Tsakanin 1999 da 2009 nauyin kifin da ke wurin ya ƙaru da fiye da kashi 460 cikin 100. Sirrin ba wani ɓoyayye ba ne. Kifi ba ya daina girma, kuma uwa babba tana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na ƙarama, fiye da yadda bambancin nauyinsu zai sa ka zata. Ƙwan da 'ya'yan ba su san iyaka ba, ruwa ke kwasarsu ya kai waje. Manyan ma idan wuri ya cika sai su fantsama. Shi ya sa a duk inda killacewa ta yi kyau za ka ga masunta sun jera ragarsu daidai bakin layin.

Amma a 2014 wasu masana suka auna wurare 87 da aka killace a sassan duniya, suka tarar fiye da rabinsu ba su da wani bambanci da inda ba a killace ba. Waɗanda suka yi tasiri su ne masu yawancin siffofi biyar: an hana kamu gaba ɗaya, ana tsaro da gaske, sun haura shekara 10, sun fi murabba'in kilomita 100, kuma ruwa mai zurfi ko yashi ya raba su da inda ake su. Sauran an yi ba a yi ba. Minista ya sa hannu, an buga taswira, an ɗauki hoto, babu jirgin sintiri, in akwai jirgin babu mai. Irin wannan ita ce killacewar da na ce tana cutar talaka, domin mai kwale-kwale ne ake iya kamawa a ƙwace masa raga, babban jirgi kuwa da dare yake shigowa ya kashe fitila.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a rediyo ba, kuma a wajena shi ne gaba da komai. Layin da aka ja a taswira yana tare jirgi, ba ya tare ruwa. Abin da ya fi kashe ciyawar teku da bakin kogi ba ta teku yake zuwa ba, daga tudu yake gangarowa. Takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gona, da ruwan masai na birane, suna shiga kogi su zama abincin gansakuka, ta yi yawa, ta tare haske. A jihar Fulorida ta Amurka doka na kare ayu tun shekarun 1970, ba mai taɓa shi. Amma a 2021 kaɗai fiye da 1,100 suka mutu, da yawansu yunwa ce ta kashe su a wani dogon tafkin gaɓa da gurɓataccen ruwa ya cinye ciyawarsa. Sai da ta kai jami'ai na zuba musu ganyen latas a ruwa. A ɗaya gefen jihar kuma, a Tampa, ciyawar ta ragu zuwa kimanin eka 22,000 a 1982. Ba wani sabon layi aka ja ba, matatun ruwan ƙazanta aka gyara aka rage abin da ake zubarwa, sai ga ta ta haura eka 40,000 wajen 2015.

Haka kuma idan aka tare kogin kansa. Kafin a gina babbar madatsar Aswan a Masar, ambaliyar Nilu ce ke kai abinci bakin teku duk shekara. Kamun sardin a wurin ya kai kusan tan 18,000 a 1962, kafin ƙarshen shekarun 1960 ya faɗo ƙasa da tan 1,000. A Kogin Senigal an gama madatsar Diyama a 1986 don hana ruwan gishiri hawowa. Ƙasan madatsar ya koma fako mai gishiri, samanta kuma, da ruwan daɗi ya tsaya cak shekara da shekaru, kacala ta mamaye shi.

Wannan kacalar dai ita ce wadda mutanen Haɗeja da Guri da Nguru ke kuka da ita. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta tafi ta ragu, ruwa ya koma yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, kacala ta samu yadda take so ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman fadama suka ji a jikinsu. Ba ina zagin dam ba ne. Da shi muke sha a Kano, da shi Kura da Kadawa ke noman shinkafa da tumatir. Abin da nake nunawa shi ne, an sa Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000, Baturiya kuma a 2008, amma makomarsu na hannun wanda ke buɗe ƙofar dam a nisan ɗaruruwan kilomita. A Muritaniya sun gane haka. Bayan kafa gandun Diyawling a 1991, sai suka shiga sakin ruwa da gangan a lokacin da ambaliya ta saba zuwa, kifi ya dawo, ciyawar da mata ke saƙa tabarma da ita ma ta dawo.

Ruwan Kano, in ka bi shi, ba ya zuwa teku. Jakara da Challawa da Kogin Kano duk Haɗeja suka nufa, daga can Yobe, sai Tafkin Cadi. Don haka dattin masana'antun fata na Bompai da Sharaɗa mu da maƙwabtanmu na gabas yake ci. Amma Kogin Kaduna da Rima da Binuwai duk a Neja suke ƙarewa, kuma abin da suka ɗauko daga gonakin Arewa a Delta yake sauka. A Deltan kuma akwai wanda ya fi taki muni. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyara ɓarnar da malalar mai ta yi zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Mangurof da saiwarsa yake numfashi, in ɗanyen mai ya shafe ta ya mutu a tsaye. Inda ya mutu kuma sau da yawa wani kwakwan ruwa ne ke maye gurbin, nipa, wanda aka shigo da shi Kalaba daga Asiya a 1906, kuma ba ya ba kifi da kawa mafakar da mangurof ke bayarwa.

Saura tambayar wa zai tsare. A nan misalan da suka fi burge ni duk na talakawa ne, kuma yawanci Musulmi. Gandun Bank Dargin a Muritaniya, wanda aka kafa a 1976, ya kai kimanin murabba'in kilomita 12,000, kusan rabinsa ruwa ne marar zurfi mai shimfiɗe da ciyawa. In teku ta janye sai ka ga kore har iyakar ganinka, tsuntsaye fiye da miliyan biyu na sauka daga Turai da Saberiya suna kiwo a kai, dangin baƙin da ke sauka a dausayin Dagona na Yobe da hunturu. Ba a kori mutanen wurin ba, Imragen. Su kaɗai aka bar wa izinin su a ciki, da sharaɗin jirgin filafilai mai tafiya da iska, ba inji. Da yake haƙƙin nasu ne, su ne idon hukuma a kan baƙon jirgi.

A Senigal, cikin rassan Kogin Salum, ƙauyuka 14 sun yarda a rufe wani reshe da ake kira Bambung a 2003, gwamnati ta tabbatar da doka a 2004. 'Ya'yan ƙauyukan ne masu gadi, kuma wani masaukin baƙi da aka gina ne ke taimakawa wajen biyansu. Masu bincike da suka bi wurin shekaru sun ga manyan kifaye masu farauta sun dawo. A Madagaska, ƙauyen Andabadoka ya gwada rufe wani yanki na 'yan watanni a 2004, ranar buɗewa aka ga abin da aka kama, sai maƙwabta suka ce su ma za su yi, abin ya bazu a gaɓar ƙasar. A tsibirin Misali kusa da Pemba a Zanzibar, masunta na jefa nakiya a ruwa, dokar gwamnati ta kasa hana su. Wajen shekarar 2000 aka shigo da limamai da malaman islamiyya suka riƙa bayani daga Alƙur'ani da hadisi a kan amana da ɓarna, aka ga sauyin da bindiga ba ta kawo ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina a matsayin hurumi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. A ƙasar Hausa sarkin ruwa na hana taɓa gulbi ko tafki sai ranar su, kuma wanda ya saci jiki ya shiga ya san abin da zai biyo baya. Manyan giwan ruwan da ake ɗagawa a Matan Fada lokacin bikin Argungu ba sa'a ce kawai ke kawo su ba, hana kamun da ake yi a wurin kafin bikin ne. Abin da ya sa irin wannan doka ke tsayawa shi ne kowa ya san mai hanawa, ya san ranar buɗewa, ya kuma san da shi za a raba.

Wani zai ce, in ta mutu ba sai a sake shukawa ba? Ana yi. A gaɓar Bajiniya ta Amurka ciyawar ta ɓace tun shekarun 1930 sakamakon wata cuta da guguwa. Cikin kusan shekaru 20 aka watsa iri fiye da miliyan 70, ta dawo ta rufe kimanin hekta 3,600. Amma can ruwan garau yake, iri ne kawai babu. Inda ruwa ya ɓaci, ko nawa ka shuka asara ce, kuma yawancin ƙoƙarin dashe a duniya a nan yake faɗuwa.

Da za a tambaye ni abin da Najeriya za ta fara yi, ba zan ce a bi sahun Gabon da ta killace kusan kashi 26 cikin 100 na ruwanta a 2017 ba. Gabon mutanenta kaɗan ne, mu kuwa kowane rafi a Delta akwai bakin da ke ci daga gare shi. Muna da dokar da ta riga ta wanzu: ƙa'idojin kamun kifin teku na 1992 sun hana jiragen jan koma aiki cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, wato kusan kilomita 9. Wannan zirin shi ne daidai inda jariran kifi suke, shi ne kuma gonar masu kwale-kwale, kuma kukan da suka daɗe suna yi shi ne jirage na shigowa suna yayyaga musu raga. A tsare wannan kaɗai, an yi killacewa mafi girma ba tare da an hana talaka komai ba. An kafa ma'aikatar harkokin teku ta musamman a 2023, kuma cikin sabbin gandayen ƙasa 10 da aka amince da su a 2020, tare da Falgore ɗinmu, akwai Apoi da Edumanom a Bayelsa. Tsarin yana nan a takarda. Bayan wannan sai rufewar lokaci-lokaci a bakin koguna, wadda al'ummar wuri za su tsara da kansu, da kuma faɗaɗa idon raga.

Game da farashi kuwa, Alhaji, ga lissafin yadda nake ganinsa. Kifin ƙanƙarar da ke cika ɗakunan sanyi a Kano, titus da sardin da kote, yawancinsa daga tsakiyar teku yake, na Turai da na Maroko da Muritaniya, dala ce ke juya shi. Bandar tarwaɗa daga Cadi da Haɗeja da kududdufan kiwo take. Kayanka da suka rataya kai tsaye a bakin kogi su ne kirefish da bonga. Idan aka rufe wani yanki na wata biyu, za ka ji shi a wannan lokacin, kaya za su yi ƙaranci, kamar yadda aka ji a Gana a shekarun da suka rufe teku ga masu kwale-kwale na wata guda da damina. Ɗan kasuwa mai ajiya ma riba yake ci a irin wannan. Wanda ke shan wuya shi ne masuncin da in bai fita yau ba gidansa ba a ɗora tukunya, shi ya sa duk rufewar da ba ta zo da tallafi ko wata sana'a ba ba ta daɗewa. Ƙasar nan ana ƙiyasta tana buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabi ba, sauran ko a sayo da dala ko a haƙura. Duk rafin da ya mutu a Delta, giɓin nan yake ƙarawa.

Kai ma kana da hannu a ciki fiye da yadda kake zato. Dillalin da ke haɗa maka kaya a Oron ya san buhun da aka kama da raga mai ido daidai, ya san wanda aka tace da mai kama da gidan sauro. Na biyun ya fi araha, ya fi ƙura da tarkacen jarirai, kuma bayan tsinta da bushewa mudun da ke saura bai kai yadda ake zato ba. In manyan masu saye na Galadima da Singa suka riƙa ware farashin biyun suna biyan tsaftataccen da daraja, saƙon zai isa bakin ruwa cikin kaka ɗaya.